Wa Ya Ɗaga Wayar Umma?

Shafi na 9

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, na ji ku. Wata har cewa ta yi wai ba ni da imani, na bar Auta kwance tana kuka na tafi harkar gabana. To ga ni na dawo, a sassauta min.

Wanda yau ya fara karanta mu kuma, ga inda aka tsaya. Auta ta gama firamare, ta rubuta jarrabawar makarantun kwana guda huɗu, sakamako ya fito babu sunanta ko a ɗaya. Yarinyar da tun watanni biyar baya ta wanke akwatin ƙarfenta ta zana masa suna da fenti. Saura kwana shida a koma karatu. Abba direban tanka ne, yana can kan hanya, don haka Umma ce ta roƙi hutun yini ɗaya a kamfanin biskit ɗin da take aiki, ta kwashi takardu ta fita neman inda ya rage.

*

Wannan ce makaranta ta uku da Umma ta taka tun safe. Biyun farko ko kujera ba a ba ta ba. Daga bakin get mai gadi ya ce an rufe ɗauka, ya koma ya ci gaba da jin rediyonsa. Nan kam an bar ta ta shiga, an miƙo mata fom, an nuna mata benci a ofishin rajista.

Tana cikewa a kan cinyarta, kunnenta yana wurin mutumin da ke gabanta.

"Sikila ce da ita?" Malama mai rajista ta tambaye shi, tana duban takardarsa ta saman gilashi.

"Eh. Amma tana daɗewa bai tashi ba."

"Ka yi haƙuri, Malam. Masu lalura ɗakinsu daban ne, jikin ɗakin jinya. Gado takwas ne, kuma ya cika tun watan jiya."

"To ku sa ta cikin sauran mana."

"Gado ɗaya ya rage mana duk makarantar nan, a babban ɗaki, can ƙarshen fili. Ba ma kai mai ciwo can. Ko ni na yarda, shugaba ba za ta sa hannu ba."

Mutumin ya yi magiya har ya gaji, ya naɗe takardunsa ya fita.

Umma ta mayar da ido kan nata fom ɗin. Layi na sha ɗaya yana tambaya ko ɗalibar tana da wani ciwo mai tashi lokaci-lokaci.

Asma ce da Auta tun tana shekara huɗu. A fom huɗun baya Umma ta rubuta hakan da hannunta, har da maƙala takardar likita. Kuma kun san Umma, mace ce da ko gishiri ta saya sai ta ɗanɗana kafin ta bar bakin shago. Tun ranar da sakamako ya fito take neman wanda ya yi mata wannan aiki. Ta zargi masu duba jarrabawa, ta zargi malamin ajin Auta, ta zargi mai ɗaukar hoto saboda ya fito da yarinyar fuska a murtuke. Amma zargin da ya fi zama mata shi ne kalmar nan, asma. Yarinyar da ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba, me zai hana ta in ba shi ba?

Ta zare takardar likita daga cikin fayil, ta ninke ta huɗu, ta tura can ƙasan jaka. A layi na sha ɗaya ta rubuta: Babu.

Ta rufe biron ta miƙa fom ɗin.

Malama mai rajista ta karɓi takardun ta buɗe, ta tsaya kan sakamakon.

"Wannan makin ne bai samu wuri ba?"

"Shi ne."

"A ina da ina?"

Umma ta jero mata. Da ta zo kan makarantar kan tudu, Malama ta cire gilashi.

"Kan tudu? Shekarata shida a ofishinsu kafin in dawo nan. Mai irin wannan maki ba sa barin ta ta wuce, sai in da wani dalili."

Umma ta janyo jakarta ta matse a hammata.

"Bari in tambayi wadda ta gaje ni," in ji Malama.

Ta ɗauki waya ta koma bakin taga. Umma ba ta jin komai sai "eh", da "wane wata?", da "kin tabbata?". Da ta dawo ta zauna, fuskar nan ta canza.

"Hajiya, kin ce min ba su ba ta ba."

"Ba su ba ta ba."

"Sun ba ta. Ke kika ce ba kya so."

"Ni?"

"Sunanta bai fito a allo ba, gaskiya ne, amma ita ce ta biyu a jerin masu jira. Ran Talata sha huɗu ga wata, ƙarfe sha ɗaya da kwata, suka kira lambar da ke fom. Mace ta ɗaga, ta ce ita ce mahaifiyar. Suka nemi lambar jarrabawa, ta faɗa daidai. Suka nemi ranar haihuwa, ta faɗa daidai. Sai ta ce an gode, yarinya ta samu wani wuri, a ba wata."

Umma ta girgiza kai.

"Ran Talata ina wurin aiki," ta ce da ƙyar. "Ba a shiga mana da waya. A gida nake barin ta."

"To sai ki tambayi mutanen gidanki."

"Wa aka ba wurin?"

"Ta uku mana. Haka tsarin yake."

Umma ta san ta uku. Wallahi ta san ta, don har kwalliyar akwatinta an kawo mata ta gani.

Malama ta haɗa takardun ta sa musu ƙusa, ta miƙo wa Umma jerin kayan da ake zuwa da su.

"Zan kai wa shugaba. In ta sa hannu zan kira ki kafin ƙarfe huɗu. Sau ɗaya zan kira, mutum biyar ne a bayanki. Wannan karon ki riƙe wayarki a hannunki."

*

A motar haya Umma ta buɗe wayar ta koma ran sha huɗu ga wata. Kiran Abba da sassafe yana nan, na mai gas da yamma yana nan. Tsakaninsu wayam, an share.

Ta fara jera abin a ranta ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka fasa lokar da take ajiye kayanta a kamfani take barin wayar a saman firji tana caji. Lambar jarrabawar Auta tana rubuce a jikin kalanda, gefen firjin, da jan biro. Wa ke buɗe firjin nan kullum da hantsi? Goggo, yayar Abba, wadda gidanta ke bayan nasu. Ƙanƙara take ƙullawa ta sayar, nata firjin ya lalace tun bara, kuma har yau mai gyara bai gama "zuwa gobe" ba. Ran Laraba sha biyar ga wata kuwa wa ya shigo da rawa yana cewa an kira su daga kan tudu? Goggo. Wai 'yarta Shalele ce ta uku a jerin masu jira, Allah ya sa wata ta janye.

Har Umma ta ba Shalele kyautar bokiti ranar. Tuna bokitin nan ya fi komai ƙona mata rai.

Don ta huce ta buɗe jerin kayan da Malama ta ba ta. Zanin gado biyu, farin takalmi, fitila. Can ƙasa da manyan baƙaƙe an rubuta cewa duk maganin da ba a ambata a fom ba za a karɓe shi a bakin get, kuma ana kulle ɗakunan kwana daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa biyu. Umma ta karanta sau biyu. Ta ce a ranta za ta ɗinka wa filon Auta aljihu daga ciki ta sa inhela, abin shaƙarta, ai ba farke filo za su yi ba. Ta ninke takardar ta koma kan Goggo.

*

Uku saura ta shigo gida.

Goggo na durƙushe gaban firji tana jera ƙullin ƙanƙara a kula. Babbar 'yar Umma, wadda duk gidan har Umman suke ce wa Yaya saboda bakin Auta, tana gefen taga tana goge sababbin zannuwan gadon ƙanwarta. Shekararta sha tara, ta gama sakandaren jeka-ka-dawo tana jiran jami'a, kuma in ta yi magana goma a yini to ranar ta yi surutu. Ƙofar ɗakin yara a rufe take, Auta na ciki kwance kamar yadda ta saba sati biyun nan.

"Maman Auta, sannu da hanya. An dace?" in ji Goggo.

Umma ta ajiye jaka, ta ajiye waya a kan tebur, ta zauna ba ta ko cire mayafi ba.

"Goggo, Shalele ta nawa ce a jerin masu jira?"

"Ta uku mana. Ai na faɗa miki."

"Kin san ta biyu?"

"Ina zan sani? Ni dai addu'a na yi mata, ko 'yar waye, Allah ya ba ta inda ya fi."

"Auta ce."

Goggo ta juyo da ƙulli a hannu.

"Wace Autar?"

"Nawa gare mu? An kira wayata ran Talata sha huɗu ga wata. Wata ta ɗaga ta ce ita ce ni, ta ce a ba wata wurin. Ta gama ta share kiran."

"Ikon Allah."

"Ƙarfe sha ɗaya na ranar kina ina?"

Goggo ta ajiye ƙullin a hankali, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Tsaya. Yau kuma ofishin 'yan sanda aka buɗe a gidan ƙanena?"

"Tambaya na yi."

"Na ji tambayar, na kuma ji abin da ke bayanta. Shekara ashirin ina haƙuri da halinki, Maman Auta. Cokali ya ɓata, Goggo. Gas ya ƙare da wuri, Goggo. Yau kuma an ƙara min girma, na zama ɓarauniyar makaranta."

"Wa ke buɗe firjin nan da hantsi?"

"Ni."

"Wa ya ci riba?"

"Ki ji tsoron Allah. Ni na riƙe ki a asibiti ranar da kika haifi yarinyar nan."

"Shi ya sa kika san ranar haihuwarta."

Ni kaina da nake rubutawa sai da na ce Umma, wannan kam ta yi zafi. Goggo ta yi tsaye kamar an watsa mata ruwan kularta, idonta ya kawo ƙwalla, abin da ba a taɓa gani ba a gidan.

"Ko wayata ba na iya share kira, sai Shalele ta yi min. Kin sani."

"To ita ta share miki."

"Har da ita?"

"Bari in kira ƙanenki ya ji da kunnensa. Daga yau kuma ki nemi inda za ki kai ƙanƙararki, ƙafarki kada ta sake..."

"Umma."

Yaya ce. Umma ko kallon ta ba ta yi ba, tana lalubo lambar Abba.

"Umma, ajiye wayar. Ba Goggo ba ce."

"Rufe min baki. Me kika sani?"

"Ni na ɗaga."

Sai a lokacin suka ji warin ƙuna. Dutsen guga yana zaune a tsakiyar farin zanin, Yaya ta manta da shi. Goggo ce ta miƙa hannu ta zare wayar wutar daga bango.

Umma ta mayar da wayarta kan tebur.

"Sake faɗa."

"Ni na ɗaga. Ni na karanta musu lambar daga kalanda. Ni na share."

"Ke."

"Ni."

Duk mutanen da Umma ta jera a sati biyun nan, Yaya ko ta gefen tunaninta ba ta gifta ba. Yarinyar da tata wayar ma in ta yi ƙara sai ta zuba mata ido har ta katse.

Umma ta miƙe. Goggo, da aka gama kora yanzu, ita ce ta shiga tsakani.

"Matsa min, Goggo. Ke, dube ni. Baƙin ciki kike da ƙanwarki? Don ke kin kasa zaman kan tudu kin gudo a aji uku, sai ita ma kada ta je? Sati biyu yarinyar nan ba ta cin abinci, kina kallo. Kina goge mata zanin gado, munafuka."

"Ban gudo ba."

"To me kika yi? Shugabarku da bakinta ta ce min ba ki da juriya."

"Kin tambaye ni?"

"Me?"

"Ranar da kika zo ɗauka ta, kin tambaye ni? Na ce Umma akwai abin da ya faru. Kika ce ragwanta ce, ba kya son jin komai. A mota na sake farawa, kika ce in na ƙara magana za ki sauke ni a hanya."

Umma ta tuna. Ba ta so ta tuna ba, amma har kalar rigar da ke jikin Yaya ranar ta dawo mata.

"To ga ni, ina ji," ta ce, murya ta sauka.

Yaya ta zauna a hannun kujera, ta haɗa hannuwanta a cinya. Ba ta kalli kowa ba.

"Akwai wadda ke kwana a gadon samana. Usur muke ce mata, saboda in tana barci ƙirjinta yana fito. Irin na Auta."

Goggo ta saki wayar dutsen guga ta faɗi ƙasa.

"Wata Litinin na tashi da zazzaɓi, ita kuma ƙirjinta ya yi nauyi. Matiron, mai kula da ɗakin kwananmu, ta ce mu kwanta, kada mu je aji. Ƙarfe bakwai da rabi ta kulle ɗakin ta waje, don haka doka take, wai kada 'yan aji su dawo barci. Inhelar Usur tana kabad ɗin matiron, don duk magani a wurinta yake zama. Ita kuma ta bi motar makaranta zuwa kasuwa da makullin a jakarta."

"Innalillahi," Goggo ta ce a hankali.

"Wajen ƙarfe goma abin ya tashi. Na buga ƙofa da hannu. Na buga da bokiti har ya fashe. Tagogin duk ƙarfe ne. Ɗakin yana nesa da azuzuwa, kuma ranar ana yankan ciyawa da inji. Na yi ihu har muryata ta tafi. Ta ce in daina bugawa in zo in riƙe ta. Sai na zo na riƙe ta."

Ta dubi cinyarta, ta ci gaba.

"Ƙarfe biyu aka buɗe. Kanta yana cinyata, ƙafata ta daɗe da sagewa. Iyayenta an ce musu a asibiti ta cika. Ni kuma shugaba ta kira ni ofis ta rufe ƙofa, ta ce in na buɗe baki za a ce barci na yi na bar ta, 'yan sanda su tafi da ni. Shekarata sha huɗu, Umma. Na yarda."

Shekara biyar Umma tana kiran yarinyar nan raguwa, a gaban baƙi, a gaban ƙanwarta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, da tausayi, da wani tsoro da bai gama fito mata fili ba. Ta koma ta zauna.

"Me ya hana ki faɗa min da kika ga ina cike fom ɗinsu?"

"Na ce miki kada a sa kan tudu. Kika ce ba a neman shawarar wanda ya faɗi."

Wannan ma Umma ta tuna.

"Matiron ɗin tana nan har yau," in ji Yaya. "Na bincika. Da na ji muryar matar ofis tana cewa an ba Auta wuri, ban yi shawara da kowa ba. Na san za ki tsane ni. Na ga gara hakan."

Goggo ta dafe ƙirji.

"Ni kuma kika bar tawa ta shiga?"

"Shalele ba ta da asma, Goggo. Ki yi haƙuri. Ɗaya na iya tarewa."

Goggo ta zauna daɓas a kan kular ƙanƙararta.

Agogon bango ya nuna uku da rabi. Yaya ta share fuska da bayan hannu, ta ɗago.

"Makarantar yau ɗin fa? Sun karɓa?"

"Za su kira kafin huɗu."

"Suna da ɗakin masu lalura?"

"Suna da shi."

"Kusa da ɗakin jinya?"

"Jikinsa."

Yaya ta sauke ajiyar zuciya, kafaɗunta suka saki.

"To alhamdulillahi. In dai haka ne ni zan raka ta da kaina. Kin ba su takardar likita?"

Umma ta dubi jakarta.

"Umma, kin ba su?"

"Ɗakin ya cika."

"To ina za su sa ta?"

"Gado ɗaya ya rage, a babban ɗaki."

"Ina babban ɗakin yake?"

"Ƙarshen fili."

Yaya ta miƙe tsaye. Takardar jerin kaya ta leƙo daga bakin jakar, ta zare ta, ta bi ta da ido har ƙasa inda manyan baƙaƙen suke. Leɓenta yana motsi. Bakwai da rabi zuwa biyu.

"Sun yarda su kai mai asma ƙarshen fili?"

"Zan ɗinka mata aljihu a filo. Ba wanda zai gani."

"Umma, me kika rubuta a layin ciwo?"

"A gabana suka kori wani da 'yarsa. Kwana shida ya rage. Kin ga yadda ƙanwarki ta koma. In ta rasa wannan sai makarantar bakin titi, su casa'in a aji, rabi a ƙasa..."

"Me kika rubuta?"

"Babu."

"Haba, Maman Auta," in ji Goggo. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da ta yi zagi da ya fi sauƙi.

Wayar ta fara ƙara a kan tebur.

Baƙuwar lamba. Su ukun suka zuba mata ido. Umma ta miƙa hannu ta janye. Yaya ta matso taku ɗaya, Goggo ta riƙe mata zani. Ƙara na uku. Na huɗu.

Ƙofar ɗakin yara ta buɗe.

Auta ta fito sanye da rigar da ta kwana biyu a jikinta, ido a kumbure. Ba sai an tambaya ba, ta ji komai, ƙofar nan katako ce sirirya. Kuka ya taso mata da ƙirjin, tun daga bakin ƙofa ana jin fiton yana fita siriri. Ta wuce uwarta, ta wuce yayarta, ta ɗauki wayar. Kafin ta danna ta ja numfashi iya ƙarfinta ta riƙe.

"Salamu alaikum."

Falon ya yi tsit, muryar Malama mai rajista tana fitowa tar.

"Wa ke magana?"

"Ɗalibar ce."

"Madalla. Shugaba ta ga makinki, ta ce a ba ki gadon. Abu ɗaya ya rage. Ƙawata ta kan tudu ta sake kira na, ta ce a fom ɗinsu an rubuta kina da asma, har da takardar likita. A namu kuma an rubuta babu. Wanne ne gaskiya?"

"Auta," Yaya ta ce can ƙasa. "Auta, don Allah."

Auta ta juya mata baya.

"Na warke, Malama. Tun ina aji huɗu."

"Kin tabbata?"

"Lafiyata ƙalau."

"To. Amma ba ke za ki faɗa min ba. Ba ni mahaifiyarki, daga bakinta nake son ji."

Auta ta juyo ta miƙa wa Umma wayar da hannu biyu. Bakinta a datse, kafaɗunta suna ɗagawa, jijiyar wuyanta ta fito, ta ƙi sakin numfashin don kada a ji shi ta waya. Idonta kaɗai ke roƙo. A bayanta Yaya tana tsaye da takardar a hannu, tana girgiza kai a hankali.

Umma ta karɓa ta kai kunne.

"Hajiya, ina da mutum biyar a layi," in ji Malama. "Ta warke, ko ba ta warke ba?"